Yadda Filifin ke kare masu jinyar tsofaffi daga dillalan bogi

A ce wata mata a ƙauyen Filifin ta ga talla a Facebook: ana neman masu kula da tsofaffi a Kanada, albashi mai tsoka, biza nan da sati biyu, amma sai an fara biyan kuɗin takardu. Ta jinginar da gonar gidansu ta tura. Tun daga ranar, lambar dillalin ba ta ƙara shiga ba.

Filifin ta daɗe da sanin wannan ciwo. A 1995, bayan an rataye wata 'yar aikin gida, Flor Contemplacion, a Singafo, ƙasar ta kafa dokar kare ma'aikatanta na ƙetare. A dokar, idan mutum uku ko fiye suka haɗa baki wajen ɗibar ma'aikata ba bisa ƙa'ida ba, ko kuma waɗanda aka cuta suka kai uku, laifin ya zama zagon ƙasa ga tattalin arziki, hukuncinsa ɗaurin rai da rai. A ƙarshen 2021 kuma aka kafa ma'aikata guda, DMW, wadda aikinta shi ne kula da 'yan ƙasar masu aiki a ƙetare.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa. Lasisin kamfanin ɗibar ma'aikata kaɗai bai isa ba. Dole takardar neman ma'aikata da mai aikin ya aiko ta samu amincewar DMW, kuma ana iya duba ta a shafin ma'aikatar. Sau da yawa ɗan damfara sunan kamfani mai lasisi yake ara, ya karɓi kuɗi a waje da ofishin, babu rasit. Kuɗin dillanci kuwa, inda aka halatta shi, ba ya wuce albashin wata ɗaya, kuma ba a karɓar ko sisi daga 'yan aikin gida.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bizar yawon buɗe ido. Za a ce wa mai neman aikin ta tafi a haka, a gyara takardu a can. Wadda ta fita ba tare da takardar OEC, wato izinin fita aiki ƙetare da gwamnatin Filifin ke bayarwa, ba, babu kwantiragin da gwamnatinta ta tantance. In aka ƙwace fasfonta ko aka hana ta albashi, da wace hujja za ta kai ƙara?

A 2018 Filifin da Isra'ila suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar masu jinya tsakanin gwamnati da gwamnati, aka cire dillalai daga tsakiya. Kafin nan, mata kan ci bashin dubban daloli don samun gurbi ɗaya.