Jawabin Maraba ga Babban Hafsan Sojojin Ƙasa a Bikin Ba da Lambar Jarumta a Maradi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma Gwamnan jahar Maradi, Mai martaba Sarkin Katsinar Maradi, Mai martaba Sarkin Gobir, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, iyayenmu mata, jami'an tsaro, barkanku da hantsi.

Babban baƙonmu, Janar, ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Daga Yamai zuwa nan ya haura kilomita 600, ka taso takanas saboda sajan guda ɗaya. Talakawan Madarunfa da Gidan Rumji suka ce in faɗa maka sun ga wannan, kuma sun gode.

Garin da ka sauka ba baƙon yaƙi ba ne. Ɗan Kasawa ya kafa shi da takobi a hannu, Ɗan Baskore ya kare shi a kan doki, har gobe makaɗa na yi musu kirari. Sai dai yaƙin yanzu ba tambari, ba ganuwa. Ɓarayi ne kan babura, su ɓullo daga dajin Baban Rafi cikin dare, su kore shanu, su tasa matan aure gaba, sannan su bugo waya suna yanka kuɗin fansa.

A irin wannan dare ne yaron nan da ke tsaye gabanka ya nuna halinsa. Dakarun rundunar yaƙi da ɓarayi mai suna Farautar Bushiya sun bi sawun ɓarayi, aka yi musu kwanton ɓauna a bakin wata ƙorama, harsashi ya sami direba. Motar ta tsaya a fili, wuta ta ko'ina. Sajan ya diro, ya ja ciki cikin ƙaya, ya kamo ɗan'uwansa ta wuyan riga ya jawo shi bayan tudu. Nan shi ma aka same shi a cinya. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure wurin, ya ci gaba da mayar da wuta har abokansa suka zagayo ta baya. Kafin azahar matan da aka sace suna gidajensu. Wata tsohuwa da jikarta ke cikinsu ta biyo shi har asibiti, ta kwance bakin zanenta ta ba shi goro biyu. To ka ji, ranka ya daɗe, an riga ka ba shi lamba.

Ba za mu yi murna mu manta da waɗanda ba su dawo ba. Sojoji 46 a tsibirin Karamga a 2015, 71 a Inates a Disambar 2019, 89 a Shinagodar wata guda bayan haka. Allah ya jiƙansu. Ba ƙirjin da za a maƙala wa lambarsu, sai matansu da marayunsu, kuma bai kamata bazawarar soja ta tsufa tana yawon ofis da takarda a hannu ba.

Kuka na biyu na manoma ne. Idan damina ta yi nisa, gero ya rufe mutum, lokacin ɓarayi ke samun mafaka. Muna roƙon a ƙara sintiri a Gabi da Safo da Gidan Sori kafin lokacin, don gonakin bakin iyaka da aka bari su sake ganin hauya.

Mahaifiyar sajan tana nan a layin gaba, ita ce mai farin mayafi. Muna neman alfarma ta tsaya kusa da ɗanta idan za ka maƙala masa lambar.

Ranka ya daɗe, bismillah.