Catan a Teburin Kulob: Inda Ake Cin Wasa Tun Kafin a Jefa Dayis

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Duk kulob ɗin da ake taruwa don wasannin dabara na kan tebur, da wuya a rasa akwatin Catan a ciki. Wani Bajamushe mai suna Klaus Teuber ne ya ƙirƙiro shi, ya fito a 1995, kuma da shi aka fi fara horar da sabon zuwa kafin a kai shi ga wasanni masu nauyi. Mutum 3 ko 4 ke zama, wasa ɗaya kan ci awa ɗaya zuwa biyu. Wanda ya riga kai maki 10, alhali shi ke da yi, shi ya ci.

Ku dubi tsibirin nan, wato allon wasan. Filaye 19 ne masu kusurwa shida: daji 4 na katako, makiyaya 4 ta tumaki, gona 4 ta alkama, tudu 3 na bulo, dutse 3 na tama, sai hamada guda da ba ta ba da komai. Kowane fili ban da hamadar yana da lamba. In aka jefa dayis biyu, irin na ludo, lambar da ta fito in an haɗa su ita ke biyan duk wanda ya yi gini a jikin filinta da katin kayan filin. Wajen shimfiɗawa a kula kada jajayen lambobin nan, 6 da 8, su yi maƙwabtaka, don wanda ya zauna tsakaninsu ya gama da kowa.

To ga wurin da sabon hannu yake faɗuwa. Kafin a jefa dayis ko sau ɗaya, kowa zai kafa ƙauye 2 da hanya 2. Na farko zuwa na huɗu, sannan a juyo daga na huɗu zuwa na farko, wato na ƙarshe yana ajiye nasa biyu a jere. Kada ku zaɓi wuri don ya yi muku kyau a ido. Ku kalli ƙananan ɗigon da ke ƙarƙashin kowace lamba. Dayis biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36, ɗigon kuwa yana nuna nawa ne daga ciki ke kawo lambar. Lamba 6 da 8 suna da ɗigo 5 kowacce, 5 da 9 suna da 4, 4 da 10 suna da 3, har a sauko kan 2 da 12 masu ɗigo ɗaya tak. Ga mahaɗar nan, wato kusurwar da filaye ke haɗuwa inda ake kafa ƙauye, da ta taɓa 6, 9 da 4: ɗigo 12 ke nan, kusan duk jifa uku sai ta kawo kati. Waccan kuwa da ta taɓa 12, 3 da hamada, ɗigo 3 kacal. Wanda ya zauna can zai yi ta kallon mutane suna gini.

Ɗigo kaɗai ba ya isa, sai an duba abin da filin ke bayarwa. Hanya tana cin bulo 1 da katako 1. Ƙauye kuma bulo, katako, tunkiya da alkama, ɗaya-ɗaya. Birni, wato ƙauyen da aka ɗaukaka, tama 3 da alkama 2. Ƙauyuka 5 kaɗai ke hannun kowa, maki 5 ke nan, don haka wanda ya raina tama da alkama zai yi saurin tashi da farko, ya zo ya cije a tsakiya. Birni maki 2 ne, kuma yana ɗibar kati biyu a madadin ɗaya. Mu dai a ganinmu, gara a rasa tumaki da a rasa alkama, tunda ban da hanya babu abin da ake saya ba tare da ita ba.

Lamba 7 ta fi kowace yawan fitowa, 6 cikin 36, ita ke tayar da ɗan fashi, wato ɗan gunkin da ke hana filin da aka ɗora shi a kai ba da kaya. Duk mai kati 8 ko fiye zai zubar da rabi. Mai 9 ya zubar da 4. Saboda haka ba a tara kati ana jiran birni. In hannu ya cika, a sayi hanya ko katin ci gaba, wato katin da ke ba da maki ko wata dama ta musamman, ko a canja kati 4 iri guda da ɗaya a banki. Mai ƙauye a tashar ruwa yana canjawa 3 da ɗaya, ko 2 da ɗaya a tasha ta musamman.

Wasu kurakurai suna yawan jawo gardama a kulob, gara a faɗe su tun farko. Ba a kafa ƙauye a mahaɗar da ke dab da wani gini, naka ne ko na wani, sai an tsallake ɗaya. Ciniki da mai yi kaɗai ake yinsa, sauran ba sa musaya a junansu. Katin ci gaba ɗaya ake bugawa a yi guda, kuma ba a cikin yin da aka saye shi ba, in ba katin maki ba ne. A kuma riƙa ƙirga makin na gaba da babbar murya: wanda ake gani da 7 yana iya ɓoye katin maki, ya ƙwace hanya mafi tsawo mai maki 2, ya tashi wasan nan take. Da zarar mutum ya kai 7, a daina sayar masa da ko tunkiya.

In an tashi, kowa ya ƙirga kayansa kafin a rufe akwati: hanya 15, ƙauye 5, birni 4, sai na banki: katunan kaya 19 na kowane iri, katin ci gaba 25.