Jawabin Maraba ga Babban Baƙo Daga Kwamitin Bunƙasa Bincike, Samaru, Zariya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma babban baƙonmu na yau, ranka ya daɗe. Shugaban Jami'ar Ahmadu Bello da mataimakansa, wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, shehunan malamai, shugabannin tsangayoyi da cibiyoyin bincike, ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje, 'ya'yanmu ɗalibai, jama'a maza da mata, assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

A madadin kwamitin bunƙasa bincike, muna yi maka lale marhabin. Sannu da hanya. Ba sai mun ɓata lokaci wajen gabatar da kai ba, domin babu wanda ke zaune a zauren nan da bai san aikinka ba. Masana'antunka sun rufa wa gidaje da yawa asiri, gidauniyarka ta ɗauki nauyin karatun marayu, ga rijiyoyin burtsatse da ka haƙa a ƙauyuka. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara arziki. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne gida ka dawo, tun da a nan Samaru ka yi karatu, ka kuma taka gonakin gwajinmu da ƙafarka.

Ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun kafin mu shiga dogon bayani, ga buƙatarmu: muna roƙon ka samar wa ɗakunan bincikenmu da ɗakin sanyin da muke ajiyar iri wutar sola mai batura, wadda ba za ta yanke ba dare da rana. Duk abin da za ka ji bayan wannan, kan wannan magana zai dawo.

Bincike a Samaru ya girmi jami'ar da shekara 40. A 1922 aka kafa tashar binciken noma a nan, domin lardunan Arewa, lokacin da auduga da gyaɗa suke riƙe da tattalin arzikin yankin. A 1928 aka buɗe gonar dabbobi ta Shika. Da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya buɗe wannan jami'a a ranar 4 ga Oktoba 1962 da tsangayoyi huɗu da ɗalibai 426, bai bar tashar Samaru a gefe ba, sai aka shigo da ita cikin jami'ar a wannan shekara, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Manufar a fili take. Ana so malamin da ke koyarwa da safe ya kasance shi ne ke tsugune a gona da yamma yana auna tsayin dawa, ɗalibinsa na riƙe masa littafi.

Kuma abin ya haifi ɗa mai ido. Manomin da ya je kasuwar Giwa ko Dawanau ya nemi irin masara SAMMAZ, ko dawa SAMSORG, ko wake SAMPEA, ko auduga SAMCOT, sunan garin nan yake kira, ko ya sani ko bai sani ba, domin SAM ɗin daga Samaru yake. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a faɗin Arewa, har dalar gyaɗar Kano da ta riga ta fara zaizayewa ta ƙarasa ɓacewa. Masananmu ba su zubar da makamai ba. Shekara da shekaru suna auratayya tsakanin iri, tare da abokan aikinsu na ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona na yankunan da ke da ƙarancin ruwan sama, har aka fitar da irinsu SAMNUT 24 a 2011, mai jure cutar, mai nuna da wuri. A 2019 aka fitar da wake SAMPEA 20-T wanda tsutsar kwanso ba ta iya masa, manomi ya rage yawan feshi. Daga Shika aka samu kazar ShikaBrown mai ƙwai, wadda ta san zafin ƙasarmu. Ranka ya daɗe, gyaɗar da injinanka ke matsewa da masarar da suke niƙawa, da yawansu zuriyar irin da aka fitar ne daga bayan wannan katanga.

Ba a noma kaɗai muka tsaya ba. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, aka tattara rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Borno da Katsina, aka tabbatar wa duniya cewa muna da tarihi a rubuce tun kafin zuwan Turawa. Tsofaffin cikinmu suna tuna taron ƙara wa juna sani na sashen tarihi a zamanin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, inda zaure ke cika har taga, ƙaramin malami ya tsaya ya ƙalubalanci shehun malami da hujja, a tashi ba gaba. A 2004 aka kunna na'urar nukiliya ta bincike a Cibiyar Binciken Makamashi da ke nan Zariya, irinta ta farko a Nijeriya. Jami'ar Bayero ta Kano ma daga cikinmu ta fito, tana Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin wannan jami'a kafin ta tsaya da ƙafarta.

To, ruwa ba ya tsami banza. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, littattafai da mujallun ƙasashen waje suka daina zuwa, sinadarai suka yi tsada, manyan malamai suka kama hanyar Amurka da Ingila da Saudiyya da Afirka ta Kudu. Waɗanda suka tafi sun tafi da abin da ba a saye da kuɗi, wato horon da ƙaramin mai bincike ke samu idan ya daɗe a gefen babba. Yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya tsinka gwaje-gwajen da ba su san hutu ba, domin shuka ba ta jiran a sasanta. A 2023 aka saki naira, dalar da ake saye kusan naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo. Sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka ware wa awannin wuta mafi yawa a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Jami'ar da ke da ɗakunan kwana da asibiti da gidajen ma'aikata, ta wayi gari da takardar kuɗin wuta ta ɗaruruwan miliyoyi a wata. Idan aka zo rabon awannin janareto, ɗakin gwaji ba ya iya gogayya da ɗakin tiyata, kuma ba ma cewa ya yi.

Muna so ka ga yadda abin yake a kusa. Wata ɗalibarmu mai neman digirin digirgir ta yi damina biyu tana bin gonaki daga Soba har Funtuwa, tana tsinko ganyen da cuta ta kama, tana sakawa a 'yan kwalabe, tana rubuta sunan ƙauye da kwanan wata a jikin kowace. Irin wannan samfur sai a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Wata Juma'a da yamma wuta ta ɗauke, man janareto ya ƙare cikin dare. Ma'aikacin ɗakin gwajin da ita suka yi karo-karo suka sayo ƙanƙara a kasuwar Samaru, suka cika kuloli, suka kwashe abin da za su iya. Ranar Litinin da aka buɗe firizar, ruwa ne kwance a ƙasanta, takardun jikin kwalaben sun jiƙe sun saɓule. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta tambayi malaminta ko za a ƙara mata shekara ɗaya. Wannan yarinya 'yar manomi ce, kuma cutar da take bi ita ce ke cin gonar mahaifinta.

A wani ɗakin kuma za ka ga na'urar tantance sinadarai a lulluɓe da leda, ƙura ta kwanta a kai. Lafiyarta ƙalau. Tsoron kunna ta ake yi, tun da wuta ta taɓa dawowa da ƙarfi ta ƙona 'yar'uwarta. Ɗalibanmu kan ɗauki samfur su tura Ibadan ko Legas, wani lokaci har ƙasar waje, su biya kuɗi mai yawa, a yi musu aikin da na'urar da ke gabansu za ta yi cikin awa guda. Can kuma a ɗakin sanyi akwai irin dawa da gero da wake da aka tattaro daga ƙauyuka shekaru da dama, wasunsu manoma sun daina shukawa. Duk ranar da ɗakin ya ɗumama, ƙarfin tsirarsu raguwa yake. Irin da ya mutu a can, babu kasuwar da za a je a sayo shi.

Mun san wuta kaɗai ba ta yin bincike. A jami'o'in ƙasar nan an wayi gari ana ƙirga maƙala kamar buhuna a ranar kasuwa, ba a kwance bakin buhun a ga abin da ke ciki. Malami na neman ƙarin girma, sai ya biya mujallar bogi ta buga masa cikin mako biyu ba tare da wani masani ya duba ba. Kundayen digiri suna jibge a kanta, manomin da aka yi wa tambayoyi bai taɓa jin sakamako ba. Mu a kwamitin nan mun ɗaura ɗamarar gyara namu. Mun dawo da taron ƙara wa juna sani na mako-mako, kuma shehun malami ma sai ya gabatar da aikinsa an yi masa tambayoyi. Muna haɗa kowane sabon malami da wani dattijo da zai riƙe hannunsa har ya iya rubuta takardar neman tallafin bincike. Muna so manyan na'urori su koma ɗaki guda, kowa ya rubuta suna ya yi layi, a daina kulle na'ura a ofis ana tafiya da makulli. Mun kuma amince duk wanda ya kammala bincike a kan noma ko kiwo ya taƙaita shi da Hausa, a karanta a rediyo ta hannun cibiyarmu ta malaman gona. Amma ranka ya daɗe, da wane baki za mu ce wa ƙaramin malami ya yi aiki na gaskiya, alhali ya san firiza za ta iya narkar da wahalarsa ta shekara biyu cikin dare biyu? Mutum ya ga haka, sai ya koma rabon takardun tambayoyi, ya rubuta abin da ya samu, ya wuce.

Muna godiya ga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, wanda shi ma gwagwarmayar malaman jami'a ta 1992 ce ta haifi tushensa, kuma ya gina mana ya horar mana. Sai dai masu nema suna da yawa. A 2019 aka ƙaddamar da tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero. Mun taya su murna da zuciya ɗaya, ƙannenmu ne. Mu ba ma irin wannan muka roƙe ka ba. Ko da za a haɗa wa jami'a baki ɗaya babbar tasha, ɗakunan bincike suna buƙatar layinsu na kansu, wanda ba ya raba wuta da kowa.

Akwai wasu ƙananan buƙatu da aka ɗora mana mu isar. Ƙananan malamai suna roƙon ɗan tallafi na fara bincike, ko da na sayen sinadarai da man mota zuwa gona ne. Ma'aikatan ɗakunan gwaji, waɗanda su ne ke raya na'urori amma ba a cika tunawa da su ba, suna roƙon a tura wasunsu horo. Ɗalibai mata masu shayarwa suna neman ɗaki kusa da wurin aiki. Duk mun rubuta su a takardar da za a miƙa maka. Amma idan ɗaya za ka ɗauka, ranka ya daɗe, ka ɗauki wutar. Injiniyoyinmu na sashen lantarki sun riga sun auna abin da firizoji da ɗakin sanyi da na'urori ke ci, sun zana inda faifan sola da batura za su zauna, kuma su za su kula da su bayan an kafa. Mun yarda gidauniyarka ta zaɓi ɗan kwangila da kanta, ta biya shi kai tsaye, ta turo mai bincikenta duk lokacin da ta so. Ba ma buƙatar ko kwabo ya bi ta hannunmu.

Da zarar an tashi daga nan, muna roƙon ka ba mu minti 20 kafin liyafa, mu zaga da kai ɗakin sanyi da ɗakin firizoji. Ɗalibar da muka ba ka labarinta tana can, ta sake tara samfur na daminar bana. Muna fata kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo a ce an fara aiki.

Allah Ya ja zamaninka, Ya albarkaci zuriyarka da dukiyarka, Ya mayar da kai da 'yan rakiyarka gida lafiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.

Shugaban kwamiti, a madadin mambobin Kwamitin Bunƙasa Bincike.