Mutuwar Bos a Bakin Takobi

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan birnin Sakkwato. Yau za mu tsaya ne a kan wuri guda da duk mai kallon fim ya sani, wato lokacin da jarumi ya ritsa mugun da ya kashe masa uba, wanda yaranmu ke kira bos, suka zare takubba har ya kai shi ƙasa. Allah ya gafarta Malam, me ya sa masu shirya fim suka fi son takobi a nan, alhali bindiga ta fi saurin gama aiki?

Malam: Ai saurin ne ba sa so, Hajiya. Harsashi yana samun mutum daga nesa, ya mutu bai san wanda ya harbe shi ba, balle dalili. Takobi kuwa sai an matso har kowa yana jin numfashin abokin gabarsa, kuma a wannan kusanci ne jarumi ke ambaton sunan mahaifinsa, mugun ya ji da kunnensa kafin ransa ya fita. Mai kallo ya daɗe yana haɗiye takaici, abin da yake jira shi ne ya ga idon azzalumi ya canja, ya gane cewa alhakin da ya ɗauka ne ya cim masa.

Auta: Gaskiya ne, Malam, shi ya sa ake jan faɗan da gangan. Takubban da ake ɗaukar fim da su galibi na alminiyam ne ko na roba, ba su da kaifi, ƙarar ƙarfen da muke ji kuma daga baya ake saka ta wajen tacewa. Sukar ƙarshe ma dabara ce: ana zura takobin ta ƙarƙashin hammatar ɗan wasan, a ɓangaren da kyamara ba ta gani, shi kuma ya cije ƙullin jan ruwan da ya ɓoye a bakinsa, ya durƙusa a hankali.

Malam: Abin da nake so daraktocinmu su lura da shi, muna da namu takobin, miƙaƙƙe mai kaifi biyu, da kubensa na fata, ana rataya shi a kafaɗa da hamila, kamar yadda muke gani a hawan sallah. Da irinsa aka yi yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, da irinsa aka ci Alƙalawa a 1808, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa. Babu dalilin da zai sa labarin ƙasar Hausa ya ari lanƙwasasshen takobin finafinan Indiya.

Hajiya: Na yarda, amma damuwata ta wuce siffar takobi. Da zarar bos ya faɗi sai kiɗa ya tashi, sunaye su fara hawa, kamar magana ta ƙare ke nan. A shari'armu kuwa, kisasi haƙƙin magadan mamaci ne, amma alƙali ne ke tabbatar da laifi, hukuma ce ke zartarwa. Aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta buɗe ƙofar yafewa da karɓar diyya, aya ta 33 ta Suratul Isra'i kuma ta ba wa waliyyin wanda aka kashe iko, sannan ta hana shi wuce iyaka wajen kisa. Jarumin fim shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne hauni, mu kuma muna tafa masa.

Auta: To amma Hajiya, yawanci labarin yakan nuna cewa mugun ya saye hukumar, babu wurin kai kuka.

Hajiya: Wannan hujjar ce ke tayar mini da hankali, ƙanena, domin ita ce muke ji a zahiri. Ka tambayi mutanen Isa da Sabon Birni yadda ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga ta ƙara rura wutar da ta raba dubban jama'a da gonakinsu. Kowane ɓangare yana da mamacin da yake ambata, kowa kuma a wurin kansa shi ne jarumin.

Malam: Ni ba zan ce a daina kashe bos a fim ba, domin zuciyar ɗan Adam tana buƙatar ganin zalunci ya zo ƙarshe. Roƙona shi ne kada darakta ya yanke a nan. Ya bar kyamara ta ci gaba, mu ga jarumin yana ƙoƙarin mayar da takobi cikin kube hannunsa yana rawa, mu ga 'yan'uwan mugun sun zo da makara, da ƙaramin ɗansa a cikinsu yana ƙare wa fuskar wanda ya kashe masa uba kallo.

Auta: Masu zuba kuɗi za su ce irin wannan ƙarshe ba zai yi kasuwa ba, Malam.

Hajiya: Su gwada a Sakkwato tukuna. Masu kallo a nan da yawa sun yi jana'izar waɗanda ramuwa ta cinye, kuma za su zauna su kalla har ƙarshe.