Amsoshin Tambayoyinku: Korewa biyu a jimlar Turanci, kuskure ne?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta yau daga Zariya take, daga wata ɗaliba mai shirin zana jarrabawar WAEC. Ta ce malaminsu ya soke mata jimlar "I didn't see nobody" da jan biro, alhali tana jin Turawa da bakinsu suna faɗin haka a fina-finai. Shin wa ke da gaskiya?

To, malama, a takardar jarrabawa malaminki ne ke da gaskiya. Daidaitaccen Turanci korewa ɗaya yake so a irin wannan jimla: ko "I didn't see anybody", ko "I saw nobody". Idan kika haɗa korewa biyu, wato "didn't" da "nobody", mai duba takarda zai rage miki maki.

Amma kunnenki bai yaudare ki ba. Talakawan gabashin Landan da baƙaƙen fatar Amurka da dama haka suke magana, kuma a karin harshensu korewa ta biyu ƙarfafa ta farko take yi. Tsohon Turanci ma haka yake. Wani mawaƙin Ingila mai suna Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya taɓa jera korewa huɗu a jimla guda yana yabon wani jarumi, ba wanda ya ce bai iya Turanci ba. Daga baya ne masu rubuta littattafan nahawu suka kafa doka. Wanda aka fi jingina ta gare shi shi ne limamin coci Robert Lowth, da littafinsa ya fara fitowa a 1762. Hujjarsu ita ce korewa biyu suna cinye juna su koma tabbatarwa. Ni dai wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, domin Sifaniyanci da Rashanci suna tara korewa kullum, kuma masu su ba sa ruɗewa.

Wani nau'in kuma daidaitaccen Turanci ya amince da shi, kamar "it is not uncommon", wato abin yakan faru. Nan kam da gangan aka bar korewar biyu su cinye juna, don a sassauta magana, kamar yadda Bahaushe kan ce "ba wai ban yarda ba ne".

Kada kuma Hausa ta ja ki. A "ban ga kowa ba" akwai "ba" gaba da baya, amma aikin korewa ɗaya suke yi, kuma wannan "kowa" ɗin "anybody" ne a Turanci.

Allah ya ba da sa'a a jarrabawa. Sai wasiƙa ta gaba.