Tabarau Mai Tafinta a Kasuwannin Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana a kan tabaran nan da ake ta yayatawa, wanda in ka ɗora shi a fuska zai fassara maka abin da mutum yake faɗa da wani yare. Na ga gara mu kai shi inda zai ji jiki, wato Makka a lokacin aikin Hajji. A Hajjin 2024 mahajjata sun haura miliyan 1.8. Ɗan Indonesiya, Baturke, ɗan Pakistan, ɗan Senegal, ga kuma namu alhazan, duk a layi ɗaya suna jiran motar Mina.

Aikin tabaran hawa uku ne. Akwai ƙananan makirufo a jikin firam ɗin da ke ɗaukar murya, sai manhaja ta mayar da ita rubutu. Daga nan a fassara rubutun. Sannan a nuna maka fassarar a jikin gilashin, ko a karanta maka ita a kunne. Galibin wannan aiki wayar da ke aljihunka ce take yin sa, ko manyan kwamfutocin kamfani ta intanet, sai dai in ka sauke harshen a waya tun da wuri.

Ba jiya aka fara ba. Google Glass, tabaran kamfanin Google, ya fito a 2013 a kan dala 1,500, mutane suka ƙi shi, aka daina sayar wa jama'a a farkon 2015. A watan Mayun 2022 Google ya sake nuna wani samfuri mai rubuta fassara a gaban ido. Tabaran Ray-Ban na kamfanin Meta ya fara fassarar kai tsaye a ƙarshen 2024, da harsuna huɗu: Turanci, Faransanci, Italiyanci da Sifaniyanci. Ku lura, babu Larabci a cikin huɗun nan, balle Hausa. A Satumbar 2025 suka fitar da mai ɗan allo a cikin gilashi, dala 799. Ku buga lissafin da naira, ni ba zan ɓata muku rai da yammar nan ba.

To, a ina gizo ke saƙar? A hawa na farko, wato ji. Wani zai ce ai Google Translate ya sa Hausa tun Disambar 2013, kuma Meta ya fitar da tsarin fassara na harsuna 200 a 2022 har da Hausa. Gaskiya ne, amma wannan rubutu ne. Kafin na'ura ta iya sauraron harshe, sai an ciyar da ita da ɗimbin sa'o'i na maganar mutane tare da rubutun abin da suka faɗa. Turanci yana da wannan jibge. Mu namu kaɗan ne, kuma mafi yawansa Hausar masu karanta rubutu ce. Hajiyar da ta taso daga ƙauyen Sakkwato ko Maraɗi ba haka take magana ba.

Ɗaya ɓangaren ma haka yake. Wanda ya taɓa cinikin dabino ko dadduma a shagunan da ke kewaye da Harami ya san sau da yawa mai shagon ɗan Bangladesh ne ko ɗan Indiya, kuma Larabcin bakinsa na kasuwa ne, gutsattsare, gauraye da Urdu da Turanci, har da 'yar Hausar da ya tsinta a bakin alhazanmu. Ba Larabcin littafi ba ne. Ƙara da hayaniya: masu talbiyya, hon ɗin motoci, mutum uku suna taya kaya a lokaci guda. Muryar wa makirufon zai bi?

Sannan ko ya ji daidai, kai kaɗai ka fahimta. Mai shagon bai sa tabarau ba. In za ka ba shi amsa, sai ka zaro waya ka nuna masa allo, ka ga an dawo gidan jiya.

Ban ce ba shi da amfani ba. Karanta allunan hanya, jin farashi, tambayar ƙofar da za ka bi, duk zai iya taimakawa a inda harshen ya samu shiga. Inda nake jan kunne shi ne asibiti da fatawa. Kuskure kaɗan a adadin ƙwayar da za a sha, ko a amsar malami kan wanda fidiya ta hau kansa, ba abin wasa ba ne, kuma na'urar da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure, ba ta nuna shakka. Hukumomin Saudiyya suna watsa fassarar huɗubar Arfa; a 2022 harsuna 14 ne, Hausa na ciki. Irin wannan magana ana danƙa ta ga masana harshen ne. Haka likitocin tawagarmu, da Hausawan da suka daɗe zaune a Makka, su ne tafintocin da alhaji zai nema in abu ya yi tsanani.

Akwai kuma kyamara a jikin yawancin tabaran nan. Ɗan haske yana kunnuwa in ana ɗauka, amma wa zai lura da shi a cikin turmutsutsu? Ku tuna akwai matan mutane a wurin.

Ku ɗalibai, ga inda hannunku zai kai. Gidauniyar Mozilla tana da shirin Common Voice da ta fara a 2017, kuma akwai sashen Hausa. Za ka karanta jimla a ɗauki muryarka, wasu su saurara su tantance, kuma duk mai gina manhaja zai iya ɗaukar taskar kyauta. Muryoyin samari 'yan boko za su samu da sauƙi. Waɗanda za a sha wuyar samu su ne na mata da na dattawa, da karin Katsina, Zazzau, Damagaram da Zangon Kumasi, kuma ku ne kuke zaune da masu su a gida.