Ya Farfaɗo, Amma Ba Shi Ba Ne

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Akwai maƙwabcina a nan cikin garin Sakkwato, ɗan kabu-kabu, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku. Bara, gab da magariba, mota ta buge shi yana dawowa daga wajen Kwannawa. Ya faɗi, ya tashi da ƙafarsa, ya kakkaɓe riga, har ya tsaya yana duba abin da ya sami babur, domin babur ɗin ba nasa ba ne. Jama'a suka ce Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu. Ya iso gida yana cewa kansa na sarawa, aka sayo masa maganin ciwon kai. Ya yi amai sau biyu, ya kwanta. Bayan isha'i aka ji yana wani irin minshari, aka tashe shi bai tashi ba.

Abin da ya faru a cikin kansa likitoci sun san shi sarai. Wata jijiya ce ta tsinke, jini yana taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗawa, don haka duk jinin da ya taru ƙwaƙwalwa yake dannewa. Shi ya sa mutum kan tashi garau bayan haɗari, ya yi magana, ya ci abinci, sannan bayan 'yan sa'o'i ya sume. In aka buɗe aka kwashe jinin da wuri, da yawa sukan warke sumul. In aka jinkirta, ɓarnar kan zama ta har abada.

Daren nan 'yan uwansa ba su runtsa ba. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa kafin likita ya san inda zai taɓa, hoton kuma kuɗi ne, aikin kuɗi ne, jini da magani kuɗi ne. Aka yi ta buga waya ƙauye. Aka sayar da tumakin matarsa, aka jinginar da gonar gado. An yi aikin, kuma Allah ya ba da sa'a, bayan mako uku aka sallamo shi. Ranar da na je dubiya na ce wa mahaifiyarsa, "Inna, an gode Allah, jiki ya yi kyau." Ta rako ni har zaure, ta rage murya ta ce, "Ɗan nan, ya farfaɗo dai, amma ba shi ba ne." Mutumin da unguwa ta sani da fara'a yanzu abu kaɗan ke harzuƙa shi. A aike shi kanti, ya tsaya a hanya ya manta abin da ya fito saye. Bayan wata huɗu kuma farfaɗiya ta fara kayar da shi.

Ba shi kaɗai ba ne. Wani ƙiyasi da masana tiyatar ƙwaƙwalwa suka fitar a 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 69 ne ke samun rauni a ƙwaƙwalwa ta dalilin buguwa kowace shekara a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Mamatan ne ake ƙirgawa. Waɗanda suka rayu kamar maƙwabcina suna cikin ɗakunan iyayensu.

A wurinmu babbar ƙofar wannan masifa babur ne. Ku tsaya a kowane shataletale cikin garin nan ku ƙirga masu hular kwano. Miji a gaba, mata a baya da goyo, yaro a kan tanki, kai huɗu babu hula ko ɗaya. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular, aka yi 'yan watanni ana kame, abin ya bi ruwa. Na san hujjojin mutane. Zafin Sakkwato a watan Afrilu ya wuce digiri 40, hular tana da tsada, fasinja na ƙyamar sa abin da wani ya cire, wasu ma na tsoron asiri. Zafin gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin 100, kuma kuɗinta bai kai kuɗin hoton kai guda ɗaya ba.

Bayan babur akwai motocin da ake yi wa lodin mutane a kan buhuna ranar kasuwar Illela ko Acida, akwai yaro da ya faɗo daga kan mangwaro, magini daga kan bene, mahayi a wajen sukuwa, ɗan dambe a fage. A gabashin jihar nan, wajen Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, harsashi da addar 'yan bindiga sun ƙara nasu. Akwai kuma wanda muke yi da hannunmu, wato dukan yaro a ka da sunan horo, da jijjiga jariri da ƙarfi don ya yi shiru.

Ƙwaƙwalwa kan lalace ko ba a bugi kai ba. Hawan jinin da ba a auna ba, ko aka fara shan magani aka bari, shi ke kawo yawancin shanyewar ɓarin jiki da muke gani. Sanƙarau mun san shi, domin muna cikin yankin da yake zagayowa da bazara: a 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, a 2017 kuma ya sake dawowa da ƙarfi a Zamfara da Sakkwato. Cikin waɗanda suka tsira akwai kurame da masu farfaɗiya da yaran da karatu ya gagara. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kan yaro har ya sa shi taune-taune da dogon suma yakan bar tabo. Doguwar naƙuda a gida, jariri ya fito bai yi kuka ba, ko shawara ta kama shi a makon farko a tsaya jiƙe-jiƙe, su ma haka. Maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum ba su manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400, ta bar wasu da naƙasa a ƙwaƙwalwa.

Abin da ke ƙara mini zafin wannan magana shi ne, Sakkwato ba ta rasa masu aikin ba. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta yanki, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya yi tsayin daka wajen kafa ta, ta kuma horar da likitoci da dama da ke aiki a sassan ƙasar nan. Daga Kebbi, Zamfara, har Jamhuriyar Nijar ake kawo marasa lafiya. A Kware muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya. Jihohi da yawa za su so a ce su ke da wannan arziki. Ga likita ga wuƙa, abin da ke tsakaninsu da talaka kuɗi ne.

Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa. Dokoki kuwa akwai su. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta ware kashi 5 na asusun domin gaggawa. Dokar 2017 ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce dole kowa ya shiga, ta yi tanadin asusun masu rauni. A jiha muna da hukumar taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA. To amma a tambayi ɗan kabu-kabu, ko mai tura ruwa, ko manomin albasa, wa ya taɓa yi masa rajista? Doka ta ce a karɓi mara lafiya, amma allura da zaren ɗinki da iskar numfashi sai wani ya biya, kuma muddin gwamnati ba ta ajiye kuɗin a ƙofar asibiti ba, gonar gado ce za ta ci gaba da biya.

Ga wata ƙofar da muka bari a rufe. Inshorar mota da ake biyan naira 15,000 tun farkon 2023, yawancinmu mun ɗauke ta takardar nuna wa jami'i a shingen hanya. Alhali amfaninta a doka shi ne ta biya wanda motar ta ji wa rauni ko ta kashe. A wurin maƙwabcina, mai motar ya zo da 'yan uwansa ya ba da haƙuri, ya ajiye abin da ya sawwaƙa, dattawa suka ce ƙaddara ce, a yafe. Yafiya halin kirki ce, kuma mun yi imani da ƙaddara. Sai dai wanda aka yafe wa a nan kamfanin inshora ne, wanda ya riga ya karɓi kuɗi domin irin wannan rana.

Kuma duk wannan maganar makon farko ce. Jinyar ƙwaƙwalwa ta gaskiya bayan sallama take farawa: gashi domin hannu da ƙafa su motsa, koyon magana daga farko, maganin farfaɗiya kullum ba fashi, kuɗin mota zuwa ganin likita. Wannan ɓangaren babu mai ɗaukar nauyinsa sai mata da uwa. Idan hali ya canza, unguwa ta ce iska ce ko sammu, wani lokaci har a kai ga mari a ƙafa. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a gaya wa likita cewa mutumin nan ya taɓa buguwa a ka, ko da shekara ta wuce. Tsofaffi musamman, ƙaramar faɗuwa a banɗaki na iya sa jini ya riƙa tsattsafowa, sai bayan makonni a ga ruɗewa, a ce tsufa ne.

Roƙona ga gwamnatin jiha da majalisa shi ne a ware asusun da zai biya hoton kai da aikin gaggawa nan take, a yi lissafi daga baya. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da Keke Napep da ke karɓar kuɗin tikiti kullum su zauna da SOCHEMA a sa mambobinsu cikin tsari. Hukumar Zakka da Waƙafi, da attajiranmu, su dubi maganin wata-wata na waɗanda aka sallama, domin a nan ne iyalai ke durƙushewa ba wanda ya gani. Ku kuma masu sauraro, duk wanda ya bugu a ka ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, kada a ɗura masa ruwa ko madara, kada a lanƙwasa wuyansa wajen ɗauka, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Lambar hukumar kiyaye haɗurra 122 ce.

Shekaranjiya na haɗu da Inna a bakin ƙofa. Matar ɗan nata yanzu ƙosai take soyawa da safe, babban yaron ya bar makaranta yana tallan ruwa a tasha. Na tambaye ta mai jiki, ta ce da sauƙi, wata biyu ke nan bai faɗi ba. Sannan ta kwance bakin zane ta nuna mini ƙwayoyin da suka rage, guda shida, ta ce ranar Juma'a za su ƙare.